Haƙƙin da aka haifi mutum da shi: tambayoyi da amsoshi kan Sanarwar 'Yancin Kan Amurka ta 1776

Duk ranar 4 ga Yuli Amurkawa kan yi bikin wata takarda mai kalmomi sama da 1,300 kaɗan. Mafi yawanta ƙorafi ne a kan Sarki George na 3, wanda ya rasu tun 1820, kuma yau da wuya ka sami wanda zai kawo maka ƙorafe-ƙorafen da ka. Abin da ya rayu shi ne sakin layi na biyu, inda aka ce mutum na da haƙƙoƙi tun kafin a kafa gwamnati. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan magana suke, da kuma inda aka samo ta.

Wace takarda ce wannan, kuma me ya kawo ta?

A ƙarni na 18 Birtaniya na mulkin yankuna 13 a gabar gabashin Amurka ta Arewa. Da yaƙinta da Faransa ya ƙare a 1763, bashi ya yi wa baitulmalin Landan katutu, sai majalisar dokokin Birtaniya ta fara ɗora wa yankunan haraji: na hatimin takardu a 1765, daga baya na shayi da wasu kayayyaki. Mutanen yankunan suka ce ba su da wakili ko ɗaya a wannan majalisa, don haka ba ta da hurumin sa hannu a aljihunsu. A Disambar 1773 aka zubar da shayi cikin teku a tashar jiragen ruwa ta Boston, a Afrilun 1775 kuma aka fara musayar wuta a Lexington da Concord.

Wakilan yankunan na zama a Filadelfiya. Ranar 7 ga Yunin 1776 Richard Henry Lee na Virginia ya kawo ƙudurin a ɓalle. Aka naɗa kwamitin mutum 5 ya shirya bayani: Thomas Jefferson, John Adams, Benjamin Franklin, Roger Sherman da Robert Livingston. Jefferson, mai shekara 33, shi ya riƙe alƙalami. An kaɗa ƙuri'ar ɓallewa ranar 2 ga Yuli, aka amince da takardar ranar 4, mutum 56 suka sa mata hannu, yawancinsu ranar 2 ga Agusta.

Me ta faɗa game da haƙƙoƙi?

Ga ma'anar wurin da ake magana a kai: "Mun ɗauki waɗannan a matsayin gaskiya bayyananniya: cewa an halicci dukkan mutane daidai, cewa Mahaliccinsu ya ba su wasu haƙƙoƙi da ba a raba su da su, cewa daga cikinsu akwai rai, da 'yanci, da neman jin daɗin rayuwa. Cewa don kare waɗannan haƙƙoƙi ake kafa gwamnatoci a tsakanin mutane, kuma halastaccen ikonsu daga yardar waɗanda ake mulka yake fitowa. Cewa duk lokacin da wata gwamnati ta koma tana rusa waɗannan manufofi, haƙƙin jama'a ne su gyara ta ko su kawar da ita, su kafa sabuwa."

A lura da yadda aka jera maganar. Mutum ne ya zo da farko, sai haƙƙinsa, sai gwamnati a ƙarshe, a matsayin mai hidima. Nan da nan kuma takardar ta ja hankali cewa ba a kan ƙaramin dalili ake rushe gwamnatin da ta daɗe ba, sai zalunci ya yi tsawo ya nuna cewa da niyya ake yin sa. Shi ya sa ta lissafa laifukan sarki 27, don ta nuna an kai wannan gaɓa.

Mene ne bambancin haƙƙin halitta da haƙƙin da doka ta bayar?

Haƙƙin da doka ta bayar, doka na iya janye shi. Lasin tuƙi, fansho, shekarun da mutum zai kai kafin ya yi zaɓe, duk majalisa ce ta tsara su, gobe tana iya sauya su. Haƙƙin halitta kuwa, a ra'ayin masu wannan magana, yana tare da mutum ne saboda shi mutum ne. Ba sarki ya ba shi ba, balle ya karɓe abinsa. Wasu daga ciki ma shi kansa mai haƙƙin ba shi da ikon sayar da su ko ya yi kyautarsu.

Akwai dalilin da ya tilasta wa Amurkawa komawa ga wannan tushe. Shekara da shekaru suna kafa hujja ne da cewa su ma Ingilishi ne, suna da gadon yarjejeniyar da Sarki John ya sa wa hatimi a 1215 da dokar haƙƙoƙi ta 1689. Amma wanda ya ce ya fita daga ƙarƙashin sarkin Ingila ba zai ci gaba da neman haƙƙin ɗan Ingila ba. Dole ya nemi hujjar da ta fi sarki da majalisarsa. Sai suka ce "dukkan mutane", kuma da suka furta haka, maganar ta fi ƙarfin abin da da yawansu suka yi niyya.

Jefferson ne ya ƙirƙiro wannan tunani?

A'a, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Henry Lee a Mayun 1825 ya ce manufar ba ita ce a kawo sabbin ƙa'idoji ba, ita ce a bayyana abin da ke zukatan Amurkawa, ya kuma ambaci Aristotle, Cicero, Locke da Sidney cikin waɗanda aka sha daga rubuce-rubucensu. Mafi kusa ma, ranar 12 ga Yunin 1776 Virginia ta amince da tata sanarwar haƙƙoƙi wadda George Mason ya tsara, da ke cewa dukkan mutane 'yantattu ne daidai wa daida bisa halitta. Ɗan littafin da Thomas Paine ya fitar a Janairun wannan shekara kuma ya riga ya kai maganar kasuwa da mashaya, da harshen da talaka ke ganewa.

Wane ne John Locke, kuma me ya sa sunansa ya fi fitowa?

Likita ne kuma masanin falsafa ɗan Ingila, an haife shi a 1632, ya rasu a 1704. Ya yi gudun hijira zuwa Holan a 1683 saboda siyasa, ya dawo a 1689, shekarar da aka buga littafinsa a kan mulki ba tare da sunansa a jiki ba. Rabin farko na littafin raddi ne ga Robert Filmer, wanda ya ce Allah ya ba Annabi Adamu mulkin duniya, sarakuna suka gada daga gare shi, saboda haka ba wanda aka haifa da 'yanci. Locke ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya ya warware su, har ya tambaya: ko da hakan gaskiya ne, wa ya san magajin Adamu a yau?

A rabi na biyu ya ce mu ƙaddara mutane suna zaune ba hukuma. Ko a nan akwai doka, wato hankali, wanda ke koya wa duk mai sauraro cewa tun da kowa daidai yake, bai halatta wani ya cuci wani a ransa, ko lafiyarsa, ko 'yancinsa, ko dukiyarsa ba. Dalilin da ya bayar na tauhidi ne: dukkanmu aikin Mahalicci ɗaya ne, mallakarsa ne, ba a yi wani don amfanin wani ba. Sai dai zaman babu hukuma na da naƙasu 3: babu rubutacciyar dokar da kowa ya sani, babu alƙalin da ba ya cikin rigimar, babu ƙarfin zartar da hukunci. Don cike wannan giɓi ne mutane suka yarda su kafa gwamnati, suka ba ta iko a matsayin amana.

Kamar mutanen unguwa ne da suka haɗa kuɗi suka ɗauki maigadi. Sandar da ke hannunsa su suka ba shi, kuma don tsaron gidajensu suka ba shi. Ranar da ya fara haura katanga da ita, shi ya warware alkawari, ba su ba. Locke ya ce mai mulkin da ya ci amana shi ne ainihin ɗan tawaye, idan kuma babu alƙali a doron ƙasa da zai raba, sai jama'a su kai ƙara sama, wato ga Allah. A 1775 wasu jiragen yaƙin Amurkawa sun ɗaga tuta mai hoton bishiya ɗauke da wannan magana ta kai ƙara sama. Zancen "dogon jerin cin zarafi" da ke cikin sanarwar ma yana nan a littafin Locke.

Wanda ya taso da irin wannan dabara kafin shi, Thomas Hobbes a 1651, ya tsaya ne a wani wuri dabam: a wurinsa zaman babu hukuma yaƙi ne na kowa da kowa, don haka gara a miƙa wa mai mulki kusan komai. Locke ya ƙi. Abin da aka miƙa kaɗan ne, kuma da sharaɗi.

Kafin Locke fa?

Igiyar doguwa ce. Aristotle ya bambanta adalcin da yake na ɗabi'a da wanda mutane suka ƙulla, ko da yake shi ɗin ne kuma ya ce akwai waɗanda aka halitta don bauta. Cicero na Rum ya ce doka ta gaskiya ita ce lafiyayyen hankali mai dacewa da ɗabi'a, ba ta zama wata a Rum wata a Atina. Thomas Aquinas a ƙarni na 13 ya saka wannan cikin ilimin addinin Kirista. Amma yawancin wannan magana a kan wajibi take, wato abin da ya kamata mutum ya yi. Juyawa zuwa ga abin da mutum yake bin wasu, abin da zai tsaya ya ce nawa ne, a hankali ta faru, a hannun malaman dokar coci tun ƙarni na 12.

Mamayar da Sifaniyawa suka yi wa nahiyar Amurka ta mai da tambayar ta rai da mutuwa. A 1539 Francisco de Vitoria ya koyar a Salamanka cewa mutanen da aka tarar a can su ne masu ƙasarsu da dukiyarsu, ko da ba Kiristoci ba ne. A 1550 Bartolomé de las Casas ya kare su a muƙabalar Valladolid. Hugo Grotius na Holan ya rubuta a 1625 a kan dokar yaƙi da zaman lafiya. A Ingila kuma, a 1647, sojoji da hafsoshi suka zauna a cocin Putney suna gardama, inda Kanar Thomas Rainsborough ya ce mafi talaucin mutum a Ingila yana da rayuwar da zai yi kamar yadda mafi girma yake da ita, kuma ba a ɗora masa gwamnati sai da yardarsa. Wannan magana ta riga Jefferson da shekara 129.

Me ya sa aka ce "neman jin daɗin rayuwa" maimakon "dukiya"?

Locke kan jera rai, 'yanci da dukiya. Mason ya haɗa duka, dukiya da jin daɗi da aminci. Jefferson bai sa dukiya ba. Masana sun daɗe suna ja a kan dalili. Wasu na nuna Jean-Jacques Burlamaqui na Janiba, wanda a 1747 ya ɗora dokar ɗabi'a a kan neman jin daɗi. Wasu na nuna Francis Hutcheson, malamin jami'ar Glasgow, wanda ya raba haƙƙoƙi gida biyu, waɗanda ake iya miƙawa da waɗanda ba a iyawa. Ta wannan fuska dukiya ba ta shiga sahun, domin ana sayar da gona, ana ba da kyautar gida. Jin daɗin da ake nufi a lokacin ya ƙunshi walwala, da nagarta, da zaman lafiyar al'umma, ba holewa kawai ba.

Wannan magana ta addini ce ko ta hankali? Akwai alaƙa da Musulunci?

Takardar ta ambaci Allah sau 4, da lafuzza irin su Mahalicci da Babban Alƙalin duniya, ba ta ambaci wani annabi ko littafi ba. Jefferson da Franklin na cikin masu ganin ana sanin Mahalicci ta hanyar hankali, wasu wakilan kuma riƙaƙƙun 'yan coci ne, har da limami guda, John Witherspoon. An zaɓi lafazin da kowa zai sa wa hannu.

Jefferson ya sayi fassarar Alƙur'ani ta George Sale a 1765, amma tushen sanarwar shi ne wanda aka bayyana a sama. Abin da ke akwai shi ne kamanceceniya, kuma mai karatun littattafan fiƙihu zai gan ta da wuri. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce shari'a ta zo ne don kare abubuwa 5: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. An ruwaito Sayyidina Umar yana tambayar gwamnan Masar, Amru ɗan As, yaushe suka bautar da mutane alhali uwayensu sun haife su 'ya'ya. Malaman tauhidi kuma sun yi doguwar muhawara a kan ko hankali shi kaɗai na iya gane kyakkyawa da mummuna: Mu'utazilawa suka ce yana iya, Ash'arawa suka ce hukunci sai da wahayi. Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin zancen gaskiya bayyananniya.

Yaya masu bayi za su rubuta cewa an halicci kowa daidai?

Wannan ita ce tambayar da ba a tsallake ta. A 1776 kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan bawa ne. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000. Jefferson ya mallaki mutane sama da 600 a tsawon rayuwarsa. A ɗakunan da ya yi haya a hawa na biyu na wani gidan bulo a Filadelfiya, inda ya ɗora ɗan teburinsa na tafi-da-gidanka ya rubuta "an halicci dukkan mutane daidai", mai yi masa hidima wani yaro ne ɗan shekara 14, Robert Hemings, kuma bawansa ne.

A daftarin farko Jefferson ya sa wani sashe mai zafi da ke la'antar cinikin bayi, ya ɗora laifin a kan sarki. Majalisar wakilan yankunan ta goge shi, Jefferson kuma ya rubuta daga baya cewa an yi haka ne don a daɗaɗa wa Karolina ta Kudu da Jojiya. A Virginia ma sai da aka ƙara wa maganar Mason wani sharaɗi, don kada bayi su shiga ciki. Locke kansa ya zuba jari a kamfanin masarautar Ingila da ke jigilar bayi daga gabar Afirka ta Yamma, yana kuma da hannu a tsarin mulkin Karolina na 1669, wanda ya ba ubangida cikakken iko a kan bayinsa baƙaƙe. Sanarwar ta kira 'yan asalin ƙasar da sunan dabbanci da rashin imani. Mata kuwa, Abigail Adams ta rubuta wa mijinta John Adams a Maris na 1776 cewa a tuna da su, ya mai da abin wasa. Tun a 1775 marubuci Samuel Johnson a Landan ya tambaya yadda aka yi masu kora bayi da bulala suka fi kowa ihun neman 'yanci.

To ashe maganar ba ta da wata daraja ke nan?

Ni ban ga haka ba, kuma hujjata ita ce abin da waɗanda aka ware suka yi da ita. A Sheffield ta jihar Massachusetts akwai wata baiwa da ake kira Bett a gidan wani kanar. Ana ba da labarin cewa uwargidan ta taɓa kai duka da shebur mai zafi, Bett ta tare da hannunta, ta kuma bar raunin a buɗe don duk baƙon da ya shigo ya tambaya. Ba ta iya karatu ba, amma ta ji ana karanta sabon tsarin mulkin jihar na 1780, mai cewa an haifi dukkan mutane 'yantattu kuma daidai. Ta je wurin lauya Theodore Sedgwick. A Agustan 1781 kotu ta 'yanta ta, ta sa aka biya diyya, ita kuma ta ɗauki sunan Elizabeth Freeman.

Haka abin ya yi ta tafiya. A 1791 Benjamin Banneker, baƙar fata masanin taurari, ya rubuta wa Jefferson ya maimaita masa kalmominsa. A 1848 taron mata na Seneca Falls ya sake rubuta layin ya ce maza da mata. Ranar 5 ga Yulin 1852 Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta, ya tambayi taro a Rochester abin da 4 ga Yuli ke nufi ga bawa, amma bai yar da takardar ba, ya ce a riƙe ƙa'idojinta gam. Ranar 28 ga Agustan 1963 Martin Luther King ya kira ta takardar alkawarin biyan bashi, ya ce an ba baƙaƙe cakin da banki ya mayar.

Masu kare bauta ma sun gane haɗarinta gare su. A 1857 Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya yanke cewa "dukkan mutane" bai haɗa da baƙaƙe ba. A 1861 Alexander Stephens, mataimakin shugaban jihohin kudu da suka ɓalle, ya fito fili ya ce zancen daidaiton jinsuna kuskure ne. Sai da aka yi yaƙin basasa kafin a haramta bauta a 1865. Mata kuma sai 1920 tsarin mulki ya tabbatar musu da ƙuri'a.

Akwai masanan da suka ƙi yarda da haƙƙin halitta baki ɗaya?

Akwai, kuma sukarsu na da nauyi. Jeremy Bentham, masanin falsafa ɗan Ingila, ya kira shi shirme. A wurinsa doka ce ke haifar haƙƙi, kuma son a ce akwai haƙƙi bai sa ya kasance ba, kamar yadda ya ce yunwa ba burodi ba ce. Edmund Burke a 1790 ya fi amincewa da haƙƙoƙin da al'umma ta gada a kan waɗanda aka zana a takarda. Karl Marx ya ga haƙƙin mai dukiya ne aka yi wa ado. Hannah Arendt, wadda ta yi shekaru ba ta da ƙasa, ta nuna a 1951 cewa 'yan gudun hijirar Turai sun rasa komai daidai lokacin da ba abin da ya rage musu sai kasancewarsu mutane.

Bentham da Arendt sun yi gaskiya cewa haƙƙin da ba kotu ba hukuma a bayansa ba ya hana a zalunci mutum. Amma idan doka ce kaɗai tushen haƙƙi, to bawan da doka ta halatta a sayar ba a zalunce shi ba ke nan, kuma ba shi da bakin ƙorafi. Wannan ne ba zan iya karɓa ba. Dole a sami ma'aunin da ake auna ita kanta dokar da shi.

Ana iya kai ƙara kotu da wannan sanarwa?

A'a. Ba doka ba ce da alƙali zai yanke hukunci da ita kai tsaye. Wannan aikin tsarin mulkin 1787 ne da gyare-gyare 10 na 1791. Gyara na 5 ya hana a raba mutum da rai, ko 'yanci, ko dukiya ba tare da bin ƙa'idar shari'a ba, na 9 kuma ya ce lissafa wasu haƙƙoƙi ba ya nufin jama'a ba su da wasu.

Ta yi tasiri a wajen Amurka?

Ƙwarai. Lafayette, hafsan Faransa da ya yi yaƙi tare da Amurkawa, ya nemi shawarar Jefferson, wanda ke jakadanci a Faransa, lokacin da yake shirya daftarin da ya gabatar kafin sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Faransa ta Agustan 1789. Bayin Haiti suka ɗauki maganar da gaske fiye da masu ita, suka kafa ƙasa a 1804. Sanarwar 'yancin Laberiya ta 1847 ta ambaci haƙƙoƙin halitta, ta mai da dukiya cikin jerin. Ranar 2 ga Satumban 1945 Ho Chi Minh ya buɗe sanarwar 'yancin Biyetnam da kalmomin 1776. Sashe na 1 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disambar 1948 ya ce an haifi dukkan 'yan Adam 'yantattu, daidai a mutunci da haƙƙi.

A Afirka akwai kuma Rodeshiya. Ranar 11 ga Nuwamban 1965 gwamnatin tsirarun fararen fata ta Ian Smith ta ɓalle daga Birtaniya da takardar da ta kwaikwayi salon ta 1776 tun daga jimlar farko. Ba ta sa layin da ke cewa an halicci dukkan mutane daidai ba, ba ta kuma sa zancen yardar waɗanda ake mulka ba. Babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da ita a hukumance har zuwa 1980, lokacin da aka kafa Zimbabuwe.